Dodon Japan: Daga Rigar Roba Zuwa Zanen Kwamfuta

Fim ɗin dodo na Japan ya soma ne da mutum cikin riga. A 1954 kamfanin Toho ya fitar da Godzilla, Ishiro Honda ya ba da umarni, Eiji Tsuburaya ya tsara dabarun hoto. Haruo Nakajima ne ya shiga rigar roba mai nauyin gaske, yana tattake ƙananan gine-ginen da aka ƙera da siffar Tokyo. Akan ɗauki hoton da gudu, a haska shi a hankali, sai kowane taku ya sauka da nauyi. A shekarar ce tokar gwajin bam ɗin Amurka a Bikini ta zubo wa wani jirgin masunta na Japan, shekara tara bayan bam ɗin Hiroshima, don haka masu kallo sun san abin da dodon ke tuna musu.

Masu zanen katun sun gaji wannan sana'a da wata dama da mai riga bai taɓa samu ba: dodonsu yana iya kai tsawon dutse, ya narke, ya sauya kama. Hideaki Anno ya yi suna tun yana matashi da zanen ƙaton mayaƙin da ke narkewa a fim ɗin Nausicaa na Hayao Miyazaki a 1984, kafin ya fito da Evangelion a 1995.

Shi kansa Godzilla bai samu cikakken fim na katun a Japan ba sai 2017. Kamfanin Polygon Pictures ya yi guda uku zuwa 2018, Gen Urobuchi ya rubuta labarin, Netflix ta kai su duniya. Tunanin babba ne: dodanni sun kori 'yan Adam daga duniya, da suka dawo sai suka tarar shekara 20,000 ta wuce, Godzilla ya kai mita 300. To amma a nan gizo ke saƙa. Dodon da ya kai haka da ƙyar yake motsi, kuma tun da babu birni irin namu a gabansa, babu bene ko mota da ido zai auna shi da su. Daji ne da hazo. Sauran lokacin kuma mutane ne a ɗaki suna ta muhawara kan addini da makomar ɗan Adam. Mai kallo a Ƙauran Namoda ko Shinkafi, wanda galibi a waya yake ganin fim bayan an tura masa a shago, shi ya fi asara, domin ƙaramin allo ya cinye girman, ya bar masa surutu da rubutun fassara.

Godzilla Singular Point na 2021 ya dawo da birni da yawan dodanni, sai dai ya cika kunne da lissafi. Hiroyuki Seshita, ɗaya daga cikin daraktocin fina-finan nan uku na Polygon, ya ɗauki wata hanya a Gamera Rebirth na 2023: kashi shida, labarin yara a Japan ta 1989, kuma da wuya kashi ya wuce ba a gwabza tsakanin dodanni ba.