Yadda Labari Ya Koya wa Yaran Arewa Son Karatu

Koya wa yaro haɗa baƙi daban, sa masa son littafi daban, kuma tarihin karatu a ƙasar Hausa ya nuna cewa na biyun bai taɓa samuwa ba sai inda aka ba yaro abin da zai ji daɗin karantawa cikin harshen da yake tunani da shi. Tun kafin zuwan Turawa, makarantar allo ta ƙware wajen na farkon. Almajiri yakan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru inda ake sa wa haruffa wasali, sannan ya iya ɗaukar alƙalami da tawada ya rubuta allonsa da kansa. Manufar wannan karatu ibada ce, kuma harshensa Larabci. Abin da ya kusanto da rubutu ga kunnen talaka shi ne waƙoƙin ajami, irin waɗanda Nana Asma'u ta rubuta a ƙarni na 19, jajis, wato malamai mata, suka riƙa kai wa ɗalibansu mata 'yan taru a ƙauyuka. Wanda ya iya baƙi ya karanta, wanda bai iya ba ya haddace, amma kowa ya gane abin da ake faɗa.

Da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa cikin Kano a 1909, sai aka sami yara masu iya haruffan boko, ga kuwa abin karantawa kaɗan ne. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929 ta fitar da littattafai irin su Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, amma fassara da tarihi kaɗai ba su isa su riƙe hankalin ɗan elementare ba. Shi ya sa a 1933 Rupert East, jami'in da ke jagorantar aikin daga Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su ƙago labarai da kansu. Daga wannan yunƙuri aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da East. Abin lura shi ne Imam da Ɓalewa malaman makaranta ne, sun san inda yaro ke gyangyaɗi da inda yake miƙe zaune. Wanda ya bi Alhaji Imam da Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja suna yi wa juna ƙeta daga gari zuwa gari ba ya bukatar bulala kafin ya buɗe shafi na gaba.

Magana Jari Ce na Imam, wanda ya fito juzu'i uku daga 1937, an rubuta shi ne musamman don makarantu, kuma gininsa kansa dabara ce ta koyarwa. Aku yana ba Musa ɗan Sarki labari bayan labari don ya hana shi fita, kowane labari gajere ne da za a gama a darasi ɗaya, amma zaren da ya ɗinke su yana sa yaro ya ƙosa gobe ta yi. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta, saboda haka wanda ya bar makaranta ya sami abin da zai hana karatunsa tsatsa. Kamfanin Gaskiya a 1945, da hukumar NORLA a shekarun 1950 lokacin Yaƙi da Jahilci, da kamfanin buga littattafai na NNPC daga 1966, duk sun bi wannan turba ta haɗa littafin koyon baƙi da littafin hira.

Akwai masu cewa duk wannan hidimar mulkin mallaka ce, domin Turawa na bukatar akawu da malaman haraji, kuma boko ya danne ajami. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma asarar da ajami ya yi a ofis da aji ba ƙarama ba ce. Sai dai nufin mai mulki ba shi ne ya sa littattafan suka rayu ba, don Turawa sun tafi tun 1960, Ruwan Bagaja kuwa har yau ana sayar da shi. Wasu kuma sukan ce Imam ya aro labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Indiya da na Turai. Ya aro, amma ya sa musu sarki da waziri da dogarai da karin magana, har yaro ya ɗauka a bayan gidansu abin ya faru. Wannan ya ƙara tabbatar da hujjar ne: yaro yana karɓar baƙon labari idan ya zo masa da muryar gida.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta iyayen da ke ganin Turanci ne harshen jarrabawa da neman aiki, don haka karatun Hausa ɓata lokaci ne. Amma yaron da ya gane cewa haruffa na ɗauke da ma'ana cikin harshensa ba zai sake koyon wannan daga farko ba idan ya shiga Turanci, shi ya sa manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyarwa da harshen uwa. Shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976 ya cika azuzuwa da yara, littattafai ba su ƙaru daidai da su ba, aka koma kwafar allo da maimaita abin da malam ya faɗa. Da littattafan soyayya na Kano suka bunƙasa daga shekarun 1980, matasa da matan aure suka riƙa biyan kuɗin hayarsu ba wanda ya tilasta musu. Ke nan masu son karatu suna nan, 'yan firamare ne aka daina rubuta wa. Gwamnatin da ke son ɗan aji uku ya iya karatu sai ta yi abin da aka yi a Zariya a 1933: ta nemo malamai masu iya ba da labari, ta biya su su rubuta, ta buga da araha, ta kuma bar yaro ya tafi da littafin gida.