Gidan Ɗan Hausa na Kano: Gandun Sarki, Makarantar Nasara da Matsalar Gyara

Wannan ɗan nazari zai duba Gidan Ɗan Hausa da ke unguwar Nassarawa a Kano, domin gano irin tarihin da gyaran tsohon gini yake rayawa da wanda yake binnewa.

Kafin zuwan Turawa, Nassarawa gandun Sarkin Kano ne, inda bayin sarki ke noman hatsin fada. Bisa riwayar Kanawa, asalin gidan mazaunin mai kula da gandun ne. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. A 1909 Hanns Vischer, haifaffen birnin Bal na ƙasar Suwis, wanda ya ƙetara Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa. Ya zauna a gidan, maginan Kano suka faɗaɗa masa shi da tubali da azara. Saboda jin Hausarsa aka laƙaba masa Ɗan Hausa, sunan ya bi gidan. Matarsa Isabelle ta wallafa abubuwan da ta gani da Faransanci a 1917.

A lokacin bauta ba ta ƙare ba. Dokar Ingila ta ƴanta yaran da aka haifa daga Afrilun 1901 ne kawai. Manya kuwa sai sun fanshi kansu, yawanci ta hanyar murgu. Ba a soke bautar baki ɗaya ba sai 1936.

Ginin ƙasa ba ya jure sakaci. Kowace damina tana cin bango, sai an sake yaɓe da makuba, an gyara indararo, an canja azarar da gara ta ci. Gidan ya tsira ne domin hukuma ta riƙe shi, har ya zama mazaunin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Bukkokin bayin gandu kuwa ba su sami mai yaɓe ba; sunan Bature ya wanzu, nasu ya ɓace.

Wannan ya shafe mu a ƙasar Ƙonni, wadda rundunar Voulet da Chanoine ta yi wa ɓarna a 1899. Duk wanda zai gyara tsohon gini a Birnin Ƙonni, Dogarawa ko Illela, ya kamata ya fara da naɗar bakin dattawa, har da zuriyar waɗanda suka kwaɓa ƙasar ginin, kafin magina su hau bango.