Tarihin 'Yar Wayar Da Ta Hana Mu Jin Muryar Kaka

Yau tarihin wata 'yar waya zan kawo muku, wadda kaurinta bai fi igiyar takalmi ba, amma ta hana mahaifina barci har kwana uku a nan Agege.

Kakana, Allah ya jiƙansa, ba ya rubuta wasiƙa. In yana da magana da Baba, sai ya ɗauki muryarsa a kaset ya bai wa direban motar da ke zuwa Ikko ɗaukar goro. Guda ɗaya ne ya rage a hannunmu, kuma da rediyo ya fara taunar zarensa sai Baba ya kai aka juye shi a faifan CD. A 2009 Baba ya sayo kwamfutar tebur 'yar tokumbo mai Windows 98 don lissafin shago. Ranar da muka saka faifan, fitila ta kama, muna jin yana juyawa, daƙiƙoƙi suna ta ƙirguwa a allo, amma lasifika tsit. Ga shi lasifikar lafiya lau, don in an kunna kwamfutar tana yin kiɗanta. Baba ya yanke cewa mai juyin ya cuce shi, kaset ɗin kuwa tuni ya tsinke.

To mai karatu, asalin wannan shirun ya girme ni nesa ba kusa ba. Kamfanonin Philips na Holan da Sony na Japan ne suka haɗu suka fitar da ƙa'idar faifan sauti a 1980, wadda ake kira Jan Littafi saboda launin bangonsa. Faɗin faifan santimita 12, yana ɗaukar kimanin minti 74, kuma ana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa a mayar da shi lambobi. A Oktoban 1982 Sony ta fara sayar da na'urar CDP-101 a Japan. Lura da kyau, don falon gida aka ƙera abin, babu wanda ya sa kwamfuta a lissafi. Sai a tsakiyar shekarun 1980 aka fito da CD-ROM na ajiye bayanai, sannan a 1989 kamfanin Creative na Singafo ya fitar da katin sauti na Sound Blaster.

Da aka zo haɗa biyun a akwati ɗaya, sai aka bi hanya mai sauƙi. Kwamfutocin lokacin ba su da ƙarfin da za su riƙa jan lambobin sauti suna sarrafawa kuma suna wani aikin, saboda haka aka bar wa na'urar faifan aikinta. Ita ke karantawa, ita ke mayar da lambobin sauti da kanta, tamkar ƙaramin rediyo ne aka dasa a cikin kwamfutar. Kwamfutar umarni kawai take bayarwa: fara, tsaya, tsallake. Sautin kuma ta wata siririyar waya mai baki huɗu yake fita daga bayan na'urar zuwa katin sauti, ba ta faffaɗar wayar bayanai ba. In babu wannan waya, agogo zai yi ta tafiya, kai kuwa ba za ka ji ko tari ba. Shi ya sa tsofaffin na'urorin suke da ramin abin sawa a kunne da 'yar tayar ƙara sauti a gabansu.

Da wannan ramin aka gano tamu matsalar. Mun ɗauki akwatin a danfo zuwa Computer Village da ke Ikeja, mai gyaran bai ko kwance shi ba, ya soka abin kunnensa a gaban na'urar ya miƙa wa Baba ya ce, "Alhaji, saurara." Ina kallon Baba ya nemi benci ya zauna, bai ce komai ba har maganar ta ƙare. Da aka buɗe, babu wayar gaba ɗaya. A ganina wanda ya harhaɗa kwamfutar ne ya ga ba ta da amfani ya wurgar, don kwamfuta tana tashi lafiya ba da ita ba. Akwai kuma tarko na biyu: a wurin daidaita sauti na Windows, faifan CD yana da nasa ma'aunin daban, kuma sau da yawa a kulle ake samunsa.

Wayar ba ta daɗe tana mulki ba. Da kwamfutoci suka yi ƙarfi aka koma jan lambobin kai tsaye ta wayar bayanai, katin sauti ya fassara. Windows Media Player 7 na 2000 yana yin haka, kuma zuwa Windows XP na 2001 abin ya zama ruwan dare, har akwai ɗan akwatin da ake dannawa a bayanan na'urar don a ba ta izini. Na'urorin baya-bayan nan masu wayar SATA galibi ko ramin babu.

Saura kuskurena. Bayan mun dawo gida na ce bari in ajiye muryar a filashi don gudun gaba. Na buɗe faifan na ga Track01.cda, na kwafa, cikin ƙiftawar ido ya gama, ina ta murna. Ashe fayil ɗin cda ba sauti ba ne, bayit 44 ne kacal, alama ce da Windows ke ƙirƙira don nuna inda magana ta fara da tsawonta a kan faifan. Shekara biyu ina yawo da filashin ina zaton Kaka na ciki. Sai a 2011, a wani kafe, wani yaro ɗan Ibo ya nuna mini yadda ake tatsar sautin zuwa MP3. Allah ya sa faifan bai karce ba a tsakani. Minti 19 ne maganar, rabinta faɗa yake yi wa Baba kan ya daina bayar da goro bashi.