Kumburin Gwiwa da Ciwon Zaizayewar Gaɓa

Zaizayewar gaɓa, wadda da yawa ke kira sanyin ƙashi, ciwo ne da ke cinye guringuntsin da ya rufe bakin ƙasusuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane miliyan 528 ne ke fama da shi, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa. Ya fi kama mata da waɗanda suka haura shekara 55.

Daga ina kumburin yake zuwa?
A cikin gwiwa akwai wani tantani mai fitar da ruwa kaɗan mai yauƙi domin gaɓar ta motsa da sauƙi. Idan ɓarɓashin guringuntsi ya dame shi, sai ya yi kauri, ya ƙara yawan ruwan, gwiwa ta kumbura. Wani lokaci ruwan yakan taru a bayan gwiwa kamar ƙullutu.

Yaya kumburi yake shafar ciwo?
Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jin zafi, amma tantanin da ƙashin suna da su. Shi ya sa zafi yakan ƙaru sa'ad da ruwa ya taru, ya lafa idan ya saɓe. Ruwan yakan hana naɗe ƙafa, tsugunne da durƙuso su yi wuya. Yakan kuma raunana tsokar cinya har gwiwa ta riƙa sagewa. Hoton ƙashi ba ya nuna wannan sosai, don haka kada mu raina kukan dattijo domin hotonsa bai nuna lalacewa da yawa ba.

Me ya kamata mu yi?
Mu huta kwana kaɗan, mu ɗaga ƙafa, mu ɗora ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15. Idan ya lafa, mu koma tafiya da motsa tsokar cinya, mu rage ƙiba. Shan ibuprofen ko diclofenac kullum ba da shawarar likita ba yana iya jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Kada mu yarda a yi wa gwiwa tsaga ko sakiya, gama ƙwayoyin cuta suna iya shiga gaɓar.

Yaushe za mu gaggauta zuwa asibiti?
Idan gwiwa ta kumbura farat ɗaya, ta ɗau zafi, da zazzaɓi, ko mutum ya kasa taka ƙafar, a kai shi asibiti ran nan. Ƙwayoyin cuta a cikin gaɓa suna iya lalata ta cikin 'yan kwanaki.