Daidaita Matsin Lantarki a Mahaɗar DC: Fifikon Dabarar Sarrafawa a kan Girman Kafasita

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin daidaita matsin lantarki a mahaɗar DC ta inbata mai haɗe da sola da batir. Lissafin makamashi a inbata mai kilowat 5 ya nuna cewa kafasita ita kaɗai ba ta iya riƙe mahaɗar sai na 'yan milisakan. Saboda haka nauyin daidaitawa ya rataya ne a wuyan konbatar batir da tsarin da ke sarrafa ta.

1.0 Gabatarwa

Mahaɗar DC ita ce layin da wutar farantan sola da ta batir ke taruwa kafin inbata ta juya ta zuwa AC. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, mai kai da komo sau 50 a sakan, ƙololuwarta kuwa tana kaiwa bolt 325. Dole matsin mahaɗar ya zarce wannan ƙololuwa, shi ya sa ake yawan tsayar da shi a kusan bolt 400. Tamkar randa take: in abin da ake ɗiba ya fi wanda ake zubawa, matsin ya sauka, wutar da ke fita ta gurɓace, in shigar ta fi yawa, ya hau har ya yi barazana ga taransistoci.

2.0 Iyakar Ƙarfin Kafasita

A inbata mai layi ɗaya, ƙarfin da kaya ke ja yana hawa da sauka sau 100 a sakan, kuma kafasitar mahaɗa ce ke shanye wannan kaɗawa. Idan ana son kaɗawar ta tsaya a bolt 20 a kan kilowat 5, lissafi ya nuna ana buƙatar kusan maikurofarad 2,000. Makamashin da ke cikinta a bolt 400 jul 160 ne, amma ba duka ake mora ba: daga bolt 400 zuwa 340 jul 44 kacal take bayarwa, wato aikin milisakan 9. A ɗauka gajimare ya rufe farantai a daidai lokacin da injin famfon rijiyar burtsatse ya tashi, alhali irin wannan inji kan ja ninki biyar zuwa bakwai na wutar da ya saba ja. Ko an ninka kafasitar, milisakan 18 kawai aka samu. Wani abin da ke ƙara tsananta lamarin shi ne inbata na ƙoƙarin ba kaya ƙarfi iri ɗaya ko da matsi ya sauka. A bolt 400 amfiya 12.5 take ja, a bolt 340 kuwa kusan 14.7, sai ƙarin jan ya ƙara durƙusar da matsin. Tun a 1976 R. D. Middlebrook ya nuna cewa irin wannan kaya na iya jefa tsari cikin tangal-tangal muddin turjiyar tushen wuta ba ta yi ƙasa sosai da ta kayan ba.

3.0 Rawar Konbatar Batir

Batir ne kaɗai ke iya bayarwa ya kuma karɓa na tsawon lokaci, don haka konbatarsa mai kai wuta ta kowane ɓangare ita ta dace da riƙon mahaɗar. Tsarin da ya fi karɓuwa zagaye biyu ne: na ciki mai sauri yana sarrafa kwararar wutar batir, na waje yana auna matsin mahaɗa ya faɗa wa na ciki adadin da zai tura. Rauninsa shi ne sai matsi ya riga ya sauka kafin ya motsa. Maganin wannan shi ne a auna abin da kaya ke ja da abin da sola ke kawowa, a miƙa bambancin kai tsaye ga zagayen ciki, ta yadda batir zai cike giɓin tun kafasita ba ta zube ba.

4.0 Hujjojin Masu Saɓani

Wasu na ganin ƙara kafasita ya fi sauƙi, kuma ba ya dogaro da manhaja. Gaskiya ne babbar kafasita na rage turjiyar mahaɗa. Sai dai kafasita mai ruwan sinadari, wadda aka fi amfani da ita saboda araha, tsawon rayuwarta na raguwa da kusan rabi duk lokacin da zafinta ya ƙaru da digiri 10. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, jingina lafiyar inbata a kanta ganganci ne. Wasu kuma na cewa sarrafawa mai sauri za ta tura kaɗawar nan ta sau 100 cikin batir ta ɗumama shi. Wannan damuwa na da tushe, amma ana kauce mata da matatar da ke cire wannan kaɗawa daga ma'auni, a bar wa kafasita aikin da ta ƙware a kai. Hujja ta uku ita ce haɗarin ɗora komai a kan konbata ɗaya. Inda batura ke da yawa, kowace konbata na iya sassauta matsin da take nema gwargwadon nauyin da ta ɗauka, sai su raba aiki ba tare da wayar sadarwa ba. Idan kuma batir ya cika rana na tsaka, wajibi ne konbatar sola ta rage abin da take tatsowa ta karɓi riƙon mahaɗar.

5.0 Kammalawa

Abin da lissafin ya tabbatar shi ne a zaɓi girman kafasita bisa kaɗawar sau 100 da ɗan jinkirin konbata, a bar sauyin kaya da na hasken rana ga batir. Ya kamata masu ƙera inbata da masu gwada ta su riƙa bayyana zurfin saukar matsi da lokacin farfaɗowarsa idan an ɗora cikakken kaya farat ɗaya, kuma a yi gwajin a irin zafin da na'urar za ta yi aiki a ciki.