Jiragen Katako Da Suka Shiga Yaƙi

Ƙera ɗan ƙaramin jirgin sama mai kama da na gaske sak, abin da yau ake yi don nishaɗi, ya taɓa zama batun rai da mutuwa. Bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor a 1941, rundunar sojan ruwan Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa jiragen katako 500,000 a 1942, kowane inci ɗaya a madadin inci 72 na jirgin gaske. Baƙin fenti aka shafa musu, don soja ya koyi gane jirgi daga siffarsa kaɗai, kada ya harbo ɗan'uwansa ya ƙyale abokin gaba. Shi ya sa in fiffike ya karkace, ba a karɓar aikin yaro. Har gobe masu sha'awar abin suna aiki da wannan ma'aunin.