Tarihin Rubuta Direbobin Adaftar USB

Direban adaftar USB ƙaramar manhaja ce da galibi ke zaune a cikin kanel, wato sashen babbar manhajar kwamfuta da ke riƙe da ragamar na'urori kai tsaye. Aikinsa irin na tafinta ne. Adafta tana da kan USB a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma kafar wayar intanet, ko eriyar Wi-Fi, ko tsohuwar kafar siriyal, direban ne kuma ke sa kwamfuta ta fahimci abin da ke wancan gefen.

Kafin zuwan USB, kowace na'ura da irin kafarta: firinta daban, modem daban, kibod daban, sau da yawa kuma sai an kashe kwamfuta an kunna kafin ta ga sabon abin da aka jona. Kamfanoni bakwai, Compaq, DEC, IBM, Intel, Microsoft, NEC da Nortel, suka haɗa kai don samar da kafa ɗaya tilo, inda injiniya Ajay Bhatt na Intel ya taka muhimmiyar rawa. A Janairun 1996 aka fitar da USB 1.0, mai gudun megabit 1.5 ko 12 a daƙiƙa, da ikon ɗaukar na'urori har 127. Kafar ta riga direbobinta nuna. A Afrilun 1998, a baje kolin COMDEX da ke Chicago, an jona sikana a kwamfuta mai Windows 98 a gaban Bill Gates, nan take manhajar ta rushe a bainar jama'a. A shekarar ne kuma Apple ya fitar da iMac ba tare da tsofaffin kafofi ba. Mai tsohuwar firinta ko modem dole ya nemi abin da zai haɗa tsoho da sabo, daga nan kasuwar adafta ta buɗe.

Tsarin aikin bai canza sosai ba tun wancan lokaci. Da zarar an jona adafta, kwamfuta ce ke fara magana: takan nemi na'urar ta bayyana kanta, ita kuma ta miƙa lambobi biyu, ta kamfani da ta samfuri. Lambar kamfanin FTDI ita ce 0403, ta Prolific 067B, ta Huawei 12D1. A Linux, kanel yakan duba teburin lambobin kowane direba, idan ya samu wanda ya dace sai ya kira sashensa mai suna probe, wanda ke shirya na'urar. Bayanai suna tafiya cikin ƙunshi da ake kira URB, a Windows da Linux duka, ta ɗaya daga hanyoyi huɗu: ta umarni, ta kaya masu yawa, ta gajerun saƙonni masu zuwa a kai a kai, da ta sauti da hoto waɗanda ba sa jurewa jinkiri. Inda aikin ya fi wuya shi ne sashen disconnect. Mutum yana iya zare adafta a kowane lokaci, har a tsakiyar saƙo, kuma direban da ya ci gaba da taɓa ma'adanar da aka riga aka saki zai iya kayar da kwamfutar gaba ɗaya, domin a cikin kanel babu shingen da ke tare kuskure.

A Linux an fi ganin tarihin sana'ar a fili, tunda duk rubutun a buɗe yake. Iñaky Pérez-González na ƙasar Sifen ne ya soma aikin USB a can, amma a 1999 Linus Torvalds ya rubuta wani tushe mafi sauƙi, aka ɗora a kansa. Sai a kanel 2.4, na Janairun 2001, USB ya tsaya da ƙafafunsa. Ci gaba mafi amfani ga masu adafta shi ne tattara aikin da ake ta maimaitawa a wuri ɗaya. Greg Kroah-Hartman ya rubuta usb-serial don adaftocin siriyal, marigayi David Brownell kuma ya gina usbnet don na wayar intanet. Bayan haka, mai sabon direba ba ya farawa daga tushe. Abin da cip ɗinsa ya bambanta da saura kawai yake rubutawa. Da yawa daga gyare-gyaren da ake aikawa a wannan fanni har yau layi ɗaya ne ko biyu, na ƙara lambar sabon samfuri a tebur.

Matsalar da ta fi daɗewa ba ta fasaha ba ce. Ƙa'idar USB ta tanadi rukunoni na bai-ɗaya, shi ya sa kibod da filashi ke aiki ko'ina da direba guda. Akwai irin wannan rukuni ga siriyal da intanet, mai suna CDC, amma masu ƙera cip irin su FTDI, Prolific, ASIX da Realtek sun fi son nasu umarnin, wasu kuma ba sa sakin takardun bayani. Masu Linux sukan jona adaftar a Windows, su naɗi duk saƙon da ya wuce a waya, su bi shi ɗaya bayan ɗaya har su gano wane umarni ne ke saita gudu, wanne ke kunna eriya. A fannin Wi-Fi lamarin ya yi tsanani har aka ƙirƙiro NDISwrapper a 2003, dabarar loda direban Windows a cikin kanel na Linux. Ta biya buƙata a lokacin, sai dai in ta lalace babu mai iya gyara abin da ba ya ganin cikinsa. A Janairun 2007 Kroah-Hartman ya yi wa kamfanoni tayin rubuta musu direba kyauta idan za su ba da bayanai, a 2008 kuma aka buɗe sashen staging don karɓar direbobin da ba su gama gyaruwa ba.

Modem na 3G, irin na Huawei da ZTE da kamfanonin waya suka sayar da yawa a Najeriya da Nijar wajen 2010, ya zo da tasa dabarar. Idan aka jona shi, da farko faifan CD yake nuna kansa, ɗauke da direban Windows, sai an aika masa wani umarni na musamman kafin ya koma modem. Don aika wannan umarni a Linux aka rubuta usb_modeswitch.

An kuma taɓa mayar da direba makamin yaƙi da jabu. A Oktoban 2014 FTDI, kamfanin birnin Gilasgo na Sukotlan, ya saki direba ta Windows Update wanda idan ya gane jabun cip ɗin FT232 yakan mayar da lambar samfurinsa daga 6001 zuwa 0000, ta yadda babu direban da zai sake gane shi. Galibin waɗanda abin ya shafa ba su ma san jabu suka saya ba. Bayan ƙorafi aka janye direban, masu Linux kuwa suka ƙara 0000 a teburinsu, adaftocin suka ci gaba da aiki.

Gudu ya ƙaru zuwa megabit 480 a USB 2.0 na 2000, da gigabit 5 a USB 3.0 na 2008. Linux ce ta fara karɓar na ukun, a kanel 2.6.31 na 2009, da direban xHCI, aikin Sage Sharp a Intel. Tsaro kuma ya zama babban batu. Tun daga Windows Vista mai bit 64, Microsoft ba ya loda direban kanel marar sa hannun lantarki. A 2017 Andrey Konovalov na Google ya yi amfani da manhajar syzkaller wajen kwaikwayon na'urori masu ba da bayanan ƙarya, ya gano kurakurai da dama a direbobin Linux waɗanda aka rubuta bisa zaton na'ura ba ta yaudara. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin fitar da direbobi daga kanel, ta libusb da WinUSB, da DriverKit wanda Apple ya kawo a 2019. A Linux kuwa galibin direbobin adafta suna nan cikin kanel da harshen C, ko da yake tun daga kanel 6.1 na Disamban 2022 an buɗe ƙofa ga harshen Rust, wanda ke hana taɓa ma'adanar da aka riga aka saki tun a lokacin haɗa manhajar.